Yadda Ake Amfani da Labari Wajen Tunkarar Sauyin Yanayi

Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta tabbatar da cewa shekarar 2024 ta fi duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara ajiye lissafi, kuma zafinta ya ɗara na zamanin da masana'antu ba su yawaita ba da kimanin digiri 1.55 a ma'aunin Salsiyos. Magana ce mai nauyi, amma idan ka karanta ta a majalisar manoma a Gumel ko a Tasawa, abin da za ka samu ba zai wuce a gyaɗa kai a ce Allah ya kyauta ba. Alhali kuwa mutanen da ke zaune a wannan majalisa sun fi kowa sanin abin da ake magana a kai. Sun san cewa ruwan shuka ya daina cika alkawari, cewa yakan sauko da ƙarfi ya wanke kunya ya tafi da taki, sannan ya ɗauke mako biyu ko uku daidai lokacin da gero ke bununi. Abin da ya rage shi ne a haɗa abin da suka gani da idonsu da abin da masana suka auna, ta yadda mutum zai tashi daga majalisar da niyyar yin wani abu a gonarsa, ko a unguwarsu, ko a gaban hukuma. Labari ne yake iya wannan aiki, kuma shirya irin wannan labari sana'a ce da ake koyo. Bayanin da ke tafe na ɗan jarida ne da ma'aikacin rediyo, da malamin makaranta da malamin gona, da marubucin wasan kwaikwayo, da duk wanda jama'a ke tsayawa su saurare shi.

Fara da sauraro

Wanda ya shiga ƙauye da labarinsa a kammale, yana neman bakin da zai maimaita masa abin da ya riga ya rubuta, zai dawo da abin da ya tafi da shi kawai. Saboda haka kwanakin farko na sauraro ne. Ka fara da gaisuwa wurin mai unguwa ko dagaci, ka bayyana ko kai wane ne, da abin da za ka yi da maganar da za a ba ka, da inda za a ji ta. Daga nan ka nemi mutanen da sana'arsu ta tilasta musu lura da sama da ƙasa: Sarkin Noma da tsofaffin manoma, Arɗo da makiyayansa, Sarkin Ruwa idan akwai kogi ko tafki, masu haƙar rijiya, masu magani da ke shiga daji neman saiwa da sassaƙe, da kuma mata, waɗanda suka fi kowa sanin nisan itacen girki da zurfin rijiya da watan da rumbu ke ƙarewa. Inda al'ada ba ta yarda namiji ya shiga cikin gida ba, a tafi da mace ta yi wannan hira, domin abin da aka tattara a zaure kaɗai bai cika labarin gida ba.

Kada ka tambayi kowa ko ya san sauyin yanayi. Irin wannan tambaya tana sa mutum ya ji ana yi masa jarrabawa, sai ya ba ka amsar da ya ji a rediyo. Ka tambayi abin da ake aunawa da hannu ko da ƙafa. Ka ce, "Baba, rijiyar nan gaba nawa ce lokacin da aka haƙa ta, yanzu kuma igiya gaba nawa kuke zurawa?" Ka ce, "Inna, lokacin da aka kawo ku gidan nan, ina kuke zuwa itace, yanzu kuma ina yara ke zuwa?" Ka tambayi Arɗo wace ciyawa ce ta yi wuya yanzu, da ko har yanzu ana samun gambar da ake saƙa zana da ita a kusa, da ko burtalin da kakanninsa suka bi yana nan. Ka tambayi dattawa ko maganar nan ta watan bakwai maƙarar rani tana nan daram, da ko zuwan shamuwa har yanzu yana nuna cewa ruwa ya kusa. Idan ka yi tambaya ka yi shiru, ka bar mutum ya yi tunani, domin amsa ta biyu wadda ke zuwa bayan ɗan jinkiri ta fi ta farko amfani.

Dattawa sun fi ƙidayar shekaru da abubuwan da suka faru a cikinsu, don haka ka tafi da sanin tarihin da zai taimake ka ka sa wa maganarsu shekara. Yunwar 1913 zuwa 1914 ita ce ake tunawa da sunan Kakalaba a ƙasar Hausa. Idan tsoho a Najeriya ya ce abin ya faru shekarar canjin kuɗi, ka tambaya ko canjin fam zuwa naira na 1973 yake nufi, ko canjin takardun kuɗi na 1984, domin dukansu biyu sun faɗo cikin babban fari. A Nijar kuwa, kifar da gwamnatin Diori Hamani a 1974 ya zo ne jama'a na tsakiyar wahalar fari. Akwai kuma abin da ya kamata ka riƙe a zuciya: shekarun 1950 zuwa farkon 1960 shekaru ne da yankin Sahel ya samu ruwa fiye da yadda aka saba, saboda haka dattijon da ke kwatanta yau da ƙuruciyarsa yana kwatanta ta ne da lokacin wadata na musamman. Wannan bai rage gaskiyar maganarsa ba, sai dai ya wajabta maka ka gwada ta da lissafin ruwan sama da hukumar hasashen yanayi ta NiMet ke ajiyewa a Najeriya, ko na cibiyar nazarin yanayi da noma ta AGRHYMET da ke Yamai.

Mutum ɗaya da shawara ɗaya

Za ka dawo da magana mai yawa, kuma zuciya za ta so ka zuba ta gaba ɗaya. Ka daure ka zaɓi mutum ɗaya wanda ke tsaye a gaban shawara ɗaya mai wuya. Mai sauraro ba ya iya bin mutum miliyan, amma zai bi magidanci guda har ƙarshe idan yana son ya san abin da zai yanke.

Ga misalin yadda ake gina shi. An yi ruwan farko da daddare. Da asuba maigida ya tafi gona, ya durƙusa ya tona ƙasa da hannu don ya ga inda laima ta tsaya, ya tarar ta kai tsawon tafin hannu. Maƙwabta sun fito da sungumi. A gida kuwa irin da ya rage bai wuce na shuka ɗaya ba, domin bara sai da aka shuka sau uku. Uwargida ta ce, "Malam, idan wannan ya ƙone, ba mu da wani." Ɗansa ya ce ya ji a rediyo masu hasashen yanayi sun ce ruwa zai ɗauke bayan saukar farko. Idan ya jira, kuma ruwa ya zarce, ya makara ya zama abin nuni a gari. Idan ya shuka, kuma ruwa ya ɗauke, ya binne abincin shekara. Duk manomin da ya ji wannan zai gyara zama, domin ya taɓa tsayawa a wannan wuri. A cikin wannan tsayuwa kaɗai za ka iya shigar da batun hasashen damina, da iri mai saurin nuna, da dabarar raba iri kashi biyu, ba tare da ka yi wa kowa lacca ba.

Ka lura cewa mutumin cikin labarin yana da hankali da dabara da abin da yake tsoron rasawa. Idan ka mayar da shi abin tausayi kawai, wanda bala'i ke faɗa wa yana kallo, mai sauraro zai tausaya masa amma ba zai ga kansa a cikinsa ba, kuma ba wanda ke koyi da mutumin da ba ya son ya zama. Idan labarin na gaskiya ne, kada ka ƙara masa ko kalma ɗaya da mai shi bai faɗa ba. Idan ƙirƙira ne, ka faɗa tun farko cewa wasa ne.

Ka faɗi dalili yadda yake

A nan ne yawancin labaran sauyin yanayi ke yin rauni. Ya zama ruwan dare a ɗora wa sauyin yanayi kowace irin masifa, kuma hakan yana cutarwa ta fuska biyu: yana ba wa masu sakaci mafaka, sannan ranar da mai sauraro ya gano an ɓoye masa wani ɓangare, zai daina yarda da sauran.

Lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a ranar 10 ga Satumban 2024, ruwa ya mamaye Maiduguri, an yi ruwan sama mai yawa a wannan damina, wannan gaskiya ne. Amma labarin da bai tambayi halin da madatsar ke ciki kafin ta ɓalle ba, da yadda aka sanar da jama'a, da darasin da aka ɗauka daga ambaliyar 1994 a wannan gari, bai cika ba. A fadamun Haɗeja da Nguru, ciyawar kacalla da ta toshe hanyoyin ruwa ta hana noma da su tana da alaƙa da yadda madatsun Tiga da Challawa suka sauya tafiyar kogin. A manyan garuruwanmu, ruwan da ke shiga gidaje sau da yawa ya tarar an cike kududdufi an yi gini, an kuma toshe magudana da shara. Tafkin Chadi ma yana bukatar kulawa wajen ba da labarinsa. Faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin goma na haka bayan farin shekarun 1970 da 1980, amma hotunan tauraron ɗan'adam na shekarun baya-bayan nan sun nuna cewa ruwansa ya ɗan farfaɗo, yana ƙaruwa yana raguwa daga shekara zuwa shekara. Masunci a Baga ya san haka, kuma idan ka ce masa tafkin na gab da ɓacewa gaba ɗaya, zai san ba ka zo ka gani ba. Abin da ya fi damunsa shi ne rashin sanin inda ruwa zai tsaya bana, da rashin tsaron da ya hana shi bin ruwan.

Bayan ka ware abin da sakaci ya jawo, sai ka faɗi rabon sauyin yanayi ba tare da kwana-kwana ba, cikin jimloli kaɗan da kowa zai fahimta. Hayaƙin da ke fita daga ƙona man fetur da gas da kwal yana taruwa a sararin sama, yana riƙe zafin da ƙasa ke fitarwa kamar yadda murfi ke riƙe zafin tukunya. Iska mai zafi ta fi ɗaukar tururin ruwa, da kimanin kashi 7 cikin ɗari a kan kowane digiri ɗaya, shi ya sa idan hadari ya haɗu yakan zubar da ruwa mai yawa cikin ɗan lokaci. Wani bincike da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu ƙarfi a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Masanan da suka nazarci ambaliyar 2022, wadda ta kashe mutum fiye da 600 a Najeriya, ta kuma yi ɓarna mai yawa a Jigawa, sun gano cewa ɗumamar duniya ta ƙara yiwuwar irin wannan ruwa sau da yawa. A watan Afrilun 2024 zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Kuma nahiyar Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da ko kashi 4 cikin ɗari na wannan hayaƙi, abin da ya kamata jama'a su sani, don kada matar da ke girki da itace ta ɗauka ita ce ta ɓata duniya.

Kada ka zuba waɗannan alƙaluma duka a labari guda. Ɗaya ko biyu sun isa, kuma a sa su a daidai inda mai sauraro ya fara tambayar kansa me ya jawo haka.

Idan aka ce daga Allah ne

Za a faɗa maka haka, kuma wanda ya faɗa bai yi kuskure ba a bisa imaninsa da naka. Kada ka shirya labarin da zai sa mutum ya zaɓa tsakanin imaninsa da maganar masana, domin ba a bukatar wannan zaɓi. Ƙissar Annabi Yusuf, Alaihis Salam, labari ne na gargaɗin fari da shirin tunkararsa: shekara bakwai na wadata, shekara bakwai na ƙunci, da umarnin a bar hatsi cikin zangarniyarsa a adana, sai kaɗan da za a ci. Musulmi sun san ta a Suratu Yusuf, Kiristoci masu jin Hausa sun san ta a Littafin Farawa. Akwai hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito cewa duk Musulmin da ya dasa itace ko ya shuka wani abu, tsuntsu ko mutum ko dabba suka ci daga gare shi, to sadaka ce a gare shi. Mutanen da ke fita roƙon ruwa su ne kuma ke tashi da asuba su yi huɗa, ba su taɓa ganin saɓani tsakanin biyun ba.

Ka kai abin da ka tattara wurin limami ko malamin Islamiyya ko fasto, ka ce, "Allah gafarta Malam, ga abin da mutanen garin nan suka faɗa, ga kuma abin da masana suka auna," ka bar shi ya fitar da nassin da ya dace, domin ya fi ka saninsa. Abu ɗaya ne za ka tsaya a kai: kada labarin ya nuna cewa waɗanda ruwa ya ci gidajensu sun fi sauran mutane zunubi.

Labarin abin da ya yi aiki

Labarin tsoro shi kaɗai yana sa mutum ya sallama. Wanda aka gaya wa cewa hamada na tafe kuma ba makawa, ba shi da dalilin barin itace a gonarsa. Don haka kowane labari ya ƙunshi wani abu da wani mutum irin mai sauraro ya gwada ya ga amfaninsa, kuma sa'ar da muka yi ita ce mafi ƙarfin misalin wannan a ƙasar Hausa ya faru.

A 1983, wani masanin noma ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ke aiki a ƙasar Maraɗi, ya lura cewa ƙananan tsirran da manoma ke sarewa kowace bazara wajen sassabe tohon kututturan itatuwa ne masu rai, waɗanda saiwarsu ke nan a ƙarƙashin ƙasa. Dabarar ba ta bukatar kuɗi ko gandun renon itace. Manomi ya zaɓi kututturan da yake so, na gawo ko kalgo ko sabara ko aduwa ko magarya, ya bar rassa mafiya ƙarfi ƙalilan a kan kowanne, ya datse sauran da wuƙa ko gatari mai kaifi, ya kiyaye su daga awaki har su tasa. Wannan shi ne sassabin zamani. Da farko an yi wa masu yinsa dariya, domin a lokacin gonar da aka share tas ita ce gonar manomin ƙwarai, kuma dokar gandun daji ta mayar da itace mallakar gwamnati, don haka manomi bai ga ribar renon abin da ba nasa ba. Da aka sassauta dokar, mutane kuma suka ga geron da ke ƙarƙashin gawo ya fi na fili kyau, saboda gawo na zubar da ganyensa da damina ya zama taki ba tare da ya yi wa shuka inuwa ba, sai abin ya bazu daga gona zuwa gona. Bayan shekara ashirin da wani abu, hotunan sama sun nuna cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, musamman a jihohin Maraɗi da Damagaram, da itatuwa kusan miliyan 200.

Haka aka yi da tassa, wato ramukan shuka masu tara ruwa. A 1989 wasu manoma daga Illela ta jihar Tawa suka ziyarci yankin Yatenga a Burkina Faso, inda manoma irin su Yacouba Sawadogo suka inganta tsohuwar dabarar haƙa ramuka a faƙo. Ana haƙa ramin da rani, a tara ƙasar a gefen gangare don ta tare ruwa, a zuba taki a ciki. Gara ta zo cin takin ta huda ƙasa, ruwan farko ya taru ya nutse, sannan a shuka a cikin ramin. Da suka dawo gida suka gwada, maƙwabta suka ga hatsi a inda ko ciyawa ba ta fitowa, har ta kai ana sayen faƙon da a da ba wanda ke kallonsa.

Abin lura ga mai ba da labari shi ne hanyar da waɗannan dabaru suka bi suka yaɗu: manomi ya gani a gonar manomi, ya dawo ya ba da labari a majalisa da kasuwa, gani kuma ya kori ji. Saboda haka idan za ka ba da labarin mafita, ka bar wanda ya yi aikin ya yi magana da bakinsa da karin harshensa, a tsaye cikin gonarsa. Ka tambaye shi wahalar abin, kwana nawa haƙar tassa ta ɗauke shi, ina ya samo taki, wa ya sare masa itace da dare, me ya yi da tsuntsayen da aka ce itatuwa za su tara. Manomi ya fi yarda da dabarar da aka gaya masa wahalarta.

Zaɓen hanya da lokaci

Rediyo har yanzu ita ce ta fi isa ƙauye da ruga, kuma tana son sauti: ƙarar guga a rijiya, sarar gatari, muryar mai labarin kansa. Shirin da ke buɗe layi bayan labarin, mutane su kira su ce mu ma haka ya faru a garinmu, ya fi wanda aka karanta aka rufe. Wasan kwaikwayo, a rediyo ko a dandali, ya fi dacewa da al'amarin da ke jawo gardama cikin gida ko cikin gari, irin sayar da itacen gona ga masu gawayi ko tafiyar samari cirani, domin yana ba kowane ɓangare baki. Ga yara, tatsuniya tana nan da ƙarfinta, kuma Gizo da haɗamarsa ya dace da wanda ya sare itacen da gari ke sha wa inuwa don ribar yini ɗaya. Sai dai a bar yaran su faɗi abin da suka fahimta da kansu bayan ƙurunƙus. Makaɗan noma da ke zuga manoma a gayya suna iya sa sunan wanda ya reni itace cikin waɗanda ake yi wa kirari, kuma wannan yabo yana sauya abin da gari ke ɗauka a matsayin bajinta. Saƙon murya a WhatsApp ya zama gajere, kuma ka fara shi da faɗin rana da wuri da sunan mai magana, domin tsohon gargaɗin ambaliya yakan dawo yana yawo bayan shekara ya tayar da hankalin mutane a banza.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Labarin tassa na rani ne, lokacin da hannu ke sake. Labarin sassabin zamani ya zo kafin a fara sharar gona. Hukumar NiMet takan fitar da hasashen damina a farkon shekara, hukumar kula da koguna ta NIHSA kuma takan fitar da jerin wuraren da ake fargabar ambaliya kafin ruwa ya sauka, don haka labarin yashe magudana da na sanin tudun da za a gudu a kai ya biyo bayansu nan da nan. Labarin adana hatsi na kaka ne, kafin a kai shi kasuwa da araha.

Mutuncin masu labari, da komawa gare su

Wanda ruwa ya rushe wa gida yana cikin halin da zai amsa duk abin da aka tambaye shi, kuma wannan ya ƙara maka nauyi. Ka nemi izini kafin ka ɗauki murya ko hoto, ka sake nema kafin ka watsa, kada ka ɗauki yaro ba da yardar iyayensa ba, kada kuma ka yi alkawarin tallafin da ba a hannunka yake ba. A labarin manoma da makiyaya, ka ji daga ɓangarorin biyu, ka nuna burtalin da aka nome da mashayar da ta ƙafe da gonar da aka cinye, kuma kada ka bari wata ƙabila ta zama mugun cikin labarin, domin irin wannan labari yana iya jawo asarar rai.

Wasu matsalolin sun fi ƙarfin manomi, kuma labarinsu na masu iko ne. Shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 ya shafi jihohi 11 na arewacin Najeriya, daga Kebbi da Sakkwato har Yobe da Borno. Idan ka je inda aka yi bikin dashe, ka koma bayan rani ɗaya ka ƙirga waɗanda suka rayu, ka tambayi wa aka ɗora wa ban ruwa da tsaro, ka kai wannan gaban shugaban ƙaramar hukuma ko ɗan majalisa tare da muryoyin mutanen wurin, ka ba shi damar amsawa a cikin shirin.

Bayan an watsa labarin, ka koma garin da ka ɗauko shi, ka kunna musu a majalisa da cikin gida, ka ji inda suka ce ka yi daidai da inda suka ce ba haka suka faɗa ba, ka gyara a fili. Kafin ka tafi, ka rubuta abubuwa kaɗan da za a iya ƙirgawa tare da su: gonaki nawa ne ke da itatuwan da aka rena, mutum nawa suka haƙa tassa, gidaje nawa suka san inda za su nufa idan ruwa ya taso, igiyar rijiya gaba nawa ce a ƙarshen rani. Ka bar kwafin wannan lissafi wurin mai unguwa ko malamin makarantar garin, ka sa ranar da za ka dawo bayan kaka a sake ƙirgawa, kuma abin da aka samu, ko ya ƙaru ko ya ragu, shi ne za ka buɗe shiri na gaba da shi.